Kasuwar Barci

Shagona yana Kasuwar Barci,
amma shekara biyar ke nan
ban samo ko mudu ɗaya na barcin na kai gida ba.

Ƙarfe biyun dare Walida ke tashi.
Haƙora ne ke ɓullo mata, biyu a ƙasa,
ita ke jin zafin, mu ke shan kukan.
An ɗauke wuta, fanka ta yi tsit,
sauron Tudun Wada ya buɗe majalisa.
Safara'u ta miƙo mini ita ido a rufe:
"Karɓi 'yarka, ƙarfina ya ƙare."
Na saɓa ta a kafaɗa,
daga randa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa,
har ladan ya gyara murya,
sannan gimbiya ta yi hamma, ta langaɓe,
ta bar mini yawu a wuyan riga.

Nazifi kuwa, allura ce cikin ruwa.
Ranar Laraba na juya baya in amsa waya,
ya ɗauki almakashi,
ya buɗe wa shaddar wani ango taga a ƙirji.
Yadi biyar! Na ɗaga hannu.
Ya ɗago ido ya ce, "Baba, na taya ka aiki."
Hannun ya tsaya a sama kamar an ɗaure shi da zare.
Na biya shadda da kuɗin haya,
na rufe tagar da aljihu,
yanzu ni ke zuwa masallacin Juma'a da rigar.

Tambayarsa ba ta da birki.
Muna kan gada cikin keke, ya leƙa kogi:
"Ina kadojin da aka ce?"
Na ce sun nutse.
"Su wa ke ɗinka musu kaya?"
Mai keke ya yi dariya har ya wuce mahaɗarmu.

Akwai daren da ba na son tunawa, amma ina tunawa.
Damina, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
jikin yaron ya yi zafi kamar dutsen guga.
Kwata ta cika ta haɗiye hanya,
na lulluɓe shi da ledar shago,
takalmina ɗaya ya tafi da ruwa, ban waiwaya ba.
A bencin asibiti na yi wa Allah alkawura
waɗanda har yau ban gama cikawa ba.
Da asuba ya buɗe ido, ya ce yana son awara.
Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Wandon da na yanka masa da ƙaramar Salla,
kafin layya ya hau ƙauri.
Ina warware kalmasa ina ƙorafi,
ina ƙorafi ina murmushi.
A jikin ƙofa akwai zanen allin tela,
layi bisa layi, kamar tsani,
kowane layi da ciwon kan da ya zo da shi,
kuma ba wanda zan yarda a goge.

Inna ta zo daga Kawo ta tarar ina mita.
Ta ce, "Kai fa ka zuba mini manja a garin tuwo,
ka kwana uku kana kuka a kan ɗan tsako.
Bashi ne, ɗana, biya shi da fara'a.
Wata rana gidan nan zai yi shiru,
ka ji ƙarar agogo har ta dame ka."

Yau na dawo, ƙafa ta kumbura da taka keke,
aljihu ba nauyi.
Tun daga bakin zaure na ji gudu:
ɗaya ya riƙe gwiwata, hannunsa duk miya,
ɗaya na rarrafe tana kiran "Ba! Ba!"
da haƙoranta biyu farare kamar shinkafa.
Farin wandona ya tafi.

Barci, ka jira ni a kasuwa.
In sun girma zan zo mu yi ciniki.